Tulun Salansa Daga Ƙofar Ruwa

Duk Bahaushen da ya sauka a filin jirgin Heathrow na London daga ƙarshen shekarun tamanin zuwa shekarar korona, in dai ba ɗan masu hali ba ne da direban gidansu ke jiransa, da wuya a ce bai shiga motar Malam Nata'ala Maje ba. Tun daga Kano ake ba mutum lambarsa a bayan ambulan, tare da gargaɗin kada ya kuskura ya yi masa gardamar hanya. Gajere ne mai ƙaton tabarau, hularsa zanna-bukar a kansa ko da ƙanƙara ake zubawa. Karatun akanta ya zo yi a 1987 da tallafin jiha. Tallafin ya zo sau biyu ya ɗauke ƙafa, shi kuma ya ji kunyar komawa gida hannu rabbana, sai ya ce bari ya taɓa tuƙin minicab, ƙaramar motar haya, na wata shida kafin abubuwa su daidaita. Wata shidan nan ne ya kai shi shekara talatin da uku a bayan sitiyari.

A 1991 ya je gida ya auro Karimatu, malamar firamare a Gwale, ya kawo ta wani ɗan flat na council a Dagenham, irin gidajen hayar da ƙaramar hukuma ke bayarwa. Nan suka haifi Zarah da Affan, nan kuma suka tsufa. Ita ta kama aiki a kicin ɗin wata makaranta, tana zuba wa 'ya'yan Turawa dankali tana yi musu faɗa da Hausa. Mace ce mai baki, Allah ya sani. Ita ta kafa dokar cewa duk ɗalibin da mijinta ya ɗauko daga filin jirgi sai an biyo da shi gida ya ci tuwo kafin a kai shi masaukinsa a Bloomsbury, ko da kuwa Dagenham na gabas, Heathrow na yamma, birnin gaba ɗaya na tsakaninsu. Nata'ala ya yi ta ƙorafin mai har ya gaji ya haƙura. Yau a cikin waɗanda suka ci tuwon nan akwai likitoci da farfesoshi da kwamishina guda, kuma waɗanda ke tuna su kira a gaisa ba su cika yatsun hannu ba.

Motar da ake magana a kanta Toyota Picnic ce koriya, ya saye ta a 1999. Da ta tsufa hukuma ta hana a yi haya da ita, ya sayi wasu don aiki, suka zo suka tafi, ita tana nan a ƙofar gida. Yara sun yi mata tsiya iya tsiya. Ya ce shi bai ga laifinta ba, ba ta taɓa barinsa a hanya ba.

Ciwon Karimatu da kaɗan-kaɗan ya shigo. Ta zuba gishiri a shayi, aka yi dariya. Ta sa makulli a firji, aka yi dariya. Ranar da ta fita sayen burodi aka tsinto ta a tashar bas ta Barking tana tambayar motar da ke zuwa Gwale, babu wanda ya yi dariya. Likita ya faɗi sunan ciwon da Turanci, Nata'ala ya ce masa ya ji, amma a bakinsa bai taɓa wuce "'yar mantuwa" ba. Duk wanda ya tambaye shi jikin Hajiya, a masallaci ko a waya, amsar ɗaya ce: da sauƙi. Haka aka rene shi. Ciwon jiki a kan faɗa, ciwon da ya taɓa hankali kuwa rufe shi ake yi, don kada a ce matar wane ta zare.

Shekara biyu da farawa ta daina gane shi. Ba ta gudunsa, ba ta yi masa ihu, abin da take yi ya fi wannan ciwo. In ya shigo falo sai ta ja mayafi, ta gaishe shi da ladabi, ta ce maigidan ba ya nan amma ya zauna a kawo masa ruwa. Shi ke yi mata wanka, shi ke ba ta abinci a baki, ita kuma tana yi masa godiya irin wadda ake yi wa baƙon kirki. Ya kan shiga banɗaki ya kunna famfo ya yi kukansa ya wanke fuska ya fito.

Wata rana zai kai ta asibiti, sabuwar motar ya riga ya sayar tunda ya ajiye aiki, sai ya sa ta a tsohuwar. Suna kan babban titin A13 ya tsallaka layi zai wuce wata tirela, kawai ya ji an ce daga gefensa, "Baban Affan, wai kai har ka mutu ba za ka koyi haƙuri a titi ba?"

Saura kaɗan ya daki ƙarfen gefen hanya. Da wannan sunan take kiransa tun haihuwar ɗansu na biyu, don Zarah 'yar fari ce, ba ta kama sunanta. Ya fi wata bakwai bai ji shi ba. Ya juyo ya dube ta, ta ce ya dubi gabansa, ita ba yau ya fara ganinta ba.

Daga ranar ya mayar da abin ibada. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai ya sa mata rigar sanyi, ya riƙo hannunta su sauko, ya tayar da Picnic su nufi cikin gari, duk da harajin hayaƙin da ake cirar masa duk ranar da tsohuwar ta taka titi. Kafin su wuce Barking ta dawo hayyacinta. Ta soki tuƙinsa, ta tambayi ko ya kira Affan a Manchester, a Aldwych ta yi wa direbobin bas tsaki, a Bloomsbury ta nuna masa ƙofar da suka taɓa sauke wata yarinya 'yar Katsina da ta yi ta kuka tana riƙe mata zane. Awa biyu, wani lokaci uku in akwai cunkoso, kuma shi kaɗai ne direba a London da ke roƙon Allah ya kawo cunkoso. Suna dawowa gida, kafin ta cire takalmi, ya sake zama baƙo. Zarah ta gwada ɗaukarta a motarta sabuwa mai kujerun fata, uwar ta ƙanƙame jaka ta yi shiru har suka dawo. Likita ya ce wataƙila ƙamshin motar ne, ko ƙarar injinta, ko yadda kujerar ke girgiza. Nata'ala bai damu da dalili ba. Abin da ya sani shi ne yana da mata sau ɗaya a mako.

A watan Oktoba lokacin MOT ya yi, gwajin lafiyar mota da ake yi duk shekara, wanda in babu takardarsa mota ba ta hawa titi. Ya kai ta garejin Muniru, bakanike ɗan zangon Kumasi da ya shekara ashirin yana duba masa ita. Birki lafiya, fitilu lafiya, tayoyi lafiya. Aka zura wata 'yar sanda a bakin salansa, aka taka totur, injin gwaji ya nuna ja. Aka sake, ya sake nuna ja.

Muniru ya goge hannu ya ce, da Hausarsa ta zango, "Maigida, motan ya faɗi. Hayaƙin ya yi yawa. Katalis ɗin ya mutu."

Ya ɗaga motar sama ya nuna masa. Wani tulun ƙarfe ne a tsakiyar salansa, cikinsa akwai abu mai ƙananan huji kamar saƙar zuma, shi ke tace hayaƙi kafin ya fita. Na Picnic ya ƙone ya farfashe, in an bubbuga sai ka ji yana kacau-kacau.

Nata'ala, wanda ya shekara talatin da uku bai taɓa tsallake jar danja ba, ya sunkuyar da kai ya ce, "Muniru, ba yadda za a yi? Sau ɗaya kawai nake fita da ita a mako."

"Wallahi da da ne, Maigida. Yanzu computer ne yake aika sakamakon kai tsaye, ni ba ni da hannu. In ka fita haka kuma camera zai kama ka, su ɗauke motan gaba ɗaya. Samo mini katalis, awa ɗaya na ɗaura maka."

Samo katalis. Abin faɗa da sauƙi. Dila ya duba kwamfuta ya ce an daina yin na wannan motar tun da daɗewa. Zarah ta yi odar na kwaikwayo a intanet sau biyu, na farko bakinsa bai dace da bututun ba, na biyu aka ɗaura injin gwaji ya sake nuna ja. Ta ce, "Baba, please, just let the car go," wato ya haƙura da motar. Ya ce mata da Hausa ita ba ta san abin da take faɗa ba, ta ce ta sani, ta fashe da kuka, ya yi nadamar maganar.

Akwai wata Sharon da council ke turowa ta zauna da Karimatu awa uku da safe. A cikin awa ukun nan Nata'ala ya zagaye duk wani filin matattun motoci daga Rainham zuwa Tilbury, a bas, da hoton tulun a wayarsa. Ya taka laka, karnuka suka yi masa haushi, yara sa'annin jikokinsa suka kira shi mate, kamar abokin wasansu. Ko'ina labarin ɗaya: irin waɗannan motocin an nike su lokacin da gwamnati ta yi shelar a kawo tsofaffi, waɗanda suka shigo kuma katalis ake fara yankewa, don akwai ƙarfe mai daraja a cikinsa. Wani tsohon Bature mai haƙori ɗaya a Rainham ne ya ce masa, yana dariya, ragowar duk an loda su a jirgin ruwa zuwa Afirka, in yana so ya bi su can.

A cikin bas yana dawowa maganar ta zauna masa. Ai gaskiya ne. Motocin da London ta tofar suna can Kano suna jigilar mutane zuwa Wudil da Gaya. Kuma abin da babu shi a kasuwar Ƙofar Ruwa, to ba a ƙera shi ba.

Ya kira ƙanensa Abdul-Hakim, ɗan kasuwar shinkafa, mutum mai zafin nama wanda in ka aike shi ya sayo allura sai ya haɗo da zare da almakashi. Suka gaisa. "Yaya jikin Hajiya?" "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Ya tura masa hoto da lambar mota, ya ce tulun tsakiyar salansa yake so, na asali, ɗan Beljiyam. Bai ce masa don me ba. Babban wa ba ya yi wa ƙane bayanin aike, kuma in ya fara bayanin gwajin hayaƙi sai maganar ta kai ga Juma'a, in ta kai ga Juma'a sai ta kai ga abin da ya shekara uku yana rufewa.

Kwana tara Abdul-Hakim ya yi yana shiga lungunan Ƙofar Ruwa. Ya samu a jikin wata Picnic da ba ta daɗe da shigowa daga Kwatano ba ta yi hatsari. Ya kira yana murna. Saura mai kawowa. Aka samu wata ɗaliba, Muhibbat, da ta je hutu za ta dawo a farkon Janairu, mahaifinta kuma na cikin waɗanda suka taɓa cin tuwon Karimatu.

Kafin Janairu akwai Juma'a goma sha ɗaya. Nata'ala ya ƙi barin su su tafi a banza. Sai ya sauko da ita ya zaunar da ita a motar a inda take fake, ya tayar da inji, ya riƙe sitiyari. Makon farko ta dube shi ta ce, "Baban Affan, wa muke jira ne?" Ya ce hanya ce ta cushe. Mako na uku ta ce sanyi take ji. Mako na biyar ta yi ta kallon bangon gidansu ta gilashi ba ta ce komai ba, wata maƙwabciya ta leƙo ta taga ta yi ƙorafin hayaƙi, ya kashe injin suka hau sama.

Ranar da Muhibbat ta sauka bai bari ta huta ba. Ya je Bloomsbury da kansa ya karɓo saƙon, a naɗe cikin tsohuwar atamfa, yana ƙamshin kilishin da suka kwana tare a akwati. Ya rungume shi a tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, har Dagenham. A garejin Muniru aka kwance. Tulu ne tsaf, an wanke, an fesa masa fenti ruwan azurfa yana ƙyalli, lambar jikinsa ta yi daidai, bakinsa ya yi daidai. Muniru ya ɗauka, sai murmushinsa ya ɗauke. Ya jijjiga shi. Ya ɗaga shi saitin ƙofa ya kanga ido a baki ɗaya, ya daɗe, sannan ya miƙa wa Nata'ala. Nata'ala ya leƙa. Ta cikin tulun ya hango titi da wata mata tana tura keken jariri. Babu komai a ciki.

Nan take ya kira Kano.

"Yaya, ya iso?" in ji Abdul-Hakim. "Ka ga aiki ko? Ai da na karɓo sai na kai wa bakanikena ya duba. Ya ce a toshe yake da abin nan da suke kira indomi, shi ke sa mota nauyi da shan mai. Mu nan duk fasa shi muke yi mota ta sha iska. Na tsaya a kansa ya sa rodi ya farfasa shi tas, aka wanke, na sa aka yi fenti. Ga shi ya rage wa yarinyar nauyin kaya. Ban so na turo maka abu da datti ba."

Ba ƙarya ya yi ba, kuma ba cuta ya yi ba. A Kano babu mai zura sanda a salansar kowa, abin da ke cikin tulun nan shara ne a wurinsu, kuma wanda ya cire maka shi gata ya yi maka. Nata'ala ya buɗe baki zai yi faɗa, faɗan da bai taɓa yi wa ƙanensa ba. Sai kuma ya fasa. Ya zauna a kan wata tsohuwar taya a gaban Muniru da ma'aikatansa, ya faɗi komai. Ya ce Karimatu ba ta san shi ba. Ya ce a gida baƙo ne. Ya ce a cikin motar nan kaɗai take kiran sunansa, kuma abin da aka fasa da rodi shi ne abin da zai mayar da motar titi.

Can ya ji Abdul-Hakim na jan hanci.

"Shekara uku, Yaya. Shekara uku ina tambayarka kana ce mini da sauƙi. Matar da ta yi mini ɗawainiyar aurena. Da ka faɗa mini kalma ɗaya, wallahi da ko ƙurar jikinsa ba zan bari a goge ba."

Haushin da Nata'ala ya taho da shi ya juyo kansa, don ya san rodin na bakanike ne amma shirun nasa ne. Baƙin cikin da ya ji a ranar ya fi na ranar da likita ya faɗi sunan ciwon.

Abdul-Hakim ya rufe shagonsa ya koma nema. Ƙofar Ruwa babu wani mai cikinsa, duk an fashe. Ya je Kaduna, ya je Jos, ya aika Legas. A watan Fabrairu sanyi ya kama ƙirjin Karimatu, ta yi mako biyu a asibiti, ta dawo ta rame, maganarta ta ragu, cokali ma sai an lallaɓa take buɗe baki. A masallaci aka tambayi Nata'ala jikin Hajiya, ya ce jiki ya yi tsanani, a sa ta a addu'a. Mutane suka yi ta zuwa dubiya da kuloli, wasu matan suna fita suna share ido. Ya yi mamakin yadda abin bai kashe shi ba.

Sai bayan ƙaramar salla aka samu, a Onitsha. Wannan karon ya iso da tsatsarsa da baƙin mansa, an naɗe shi da leda bakwai, Abdul-Hakim ya rubuta a jiki da babban baƙi cewa kada kowa ya taɓa. Muniru ya leƙa ya ga duhu, ya yi hamdala. Ya ɗaura, aka zura sanda, aka taka totur, injin gwaji ya nuna kore. Ya ƙi karɓar ko sisi. Wata shida da kwana huɗu ke nan rabon Picnic da titi.

Ranar Juma'a Nata'ala ya wanke motar da kansa. Ya dawo daga masallaci ya sa wa Karimatu rigar sanyi, ya ɗaura mata ɗankwali, suka sauko a hankali, matakala ɗaya-ɗaya. Ya zaunar da ita, ya ja mata bel, ya tayar. Injin ya yi ƙararsa ta da. Suka hau A13.

Suka wuce Barking ba ta ce komai ba. Ya ce a ransa ai an daɗe, sai a hankali. Ya tsallaka layi ya wuce wata tirela da gangan, har mai tirelar ya danna masa hon. Ya saci kallonta. Hannayenta na kan cinyarta, idonta na kan hanya. A Canning Town ya rage gudu ya fara ba ta labarin Affan, ya ce matarsa ta kusa haihuwa. Ta gyaɗa kai irin na ladabi. Suka shiga Aldwych, bas uku suka tare su, ya jira tsakin, bai zo ba.

A Bloomsbury ya samu wuri ya tsaya, ya juyo gaba ɗaya ya dube ta.

"Karime," ya ce. "Ni ne fa."

Ta dube shi da kyau, ta daɗe, babu tsoro a fuskarta. Sannan ta jawo mayafinta ta rufe kafaɗa, ta ɗan matsa jikin ƙofa.

"Bawan Allah, don girman Allah ka mai da ni gida," ta ce a hankali. "Maigidana direba ne shi ma. In ya dawo ya tarar na shiga motar wani, ba zai ji daɗi ba."

Nata'ala ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar. Ya kunna sigina, ya duba madubi, ya jira wani mai keke ya wuce.

"To, Hajiya," ya ce. "Yanzu zan kai ki. Ba zai riga mu isa ba."